Hawan jinin ido ya sauke ni daga mota, Diamox ta riƙe mini sauran ganina

Assalamu alaikum. Ni tsohon direba ne, haifaffen Kano. Ƙarfina duk a hanyar Kano zuwa Kaduna ya ƙare, in yi lodi a Unguwa Uku in sauke a Kawo. Yanzu ba na tuƙi. Idona na hagu ya tafi, sai ɗan haske da nake bambanta dare da rana da shi. Na dama yana nan da sauran gani, da shi nake karanta Alƙur'ani mai manyan baƙi, da shi nake gane kuɗi, da shi nake tsallaka titi. Abin da ya sa na ce a rubuta labarina shi ne na ga mutane da yawa an ba su irin maganin da aka ba ni, sun sha na 'yan kwanaki sun watsar, domin ba wanda ya gaya musu abin da zai yi wa jikinsu. 'Yata ce ke bugawa a waya ina faɗa. 'Yar fari ce, saboda haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. Harhaɗa magunguna ta karanta, kuma duk inda kuka ga shekara ko sunan Bature, hannunta ne.

Cutar nan ba ta yi mini ciwo ba. Ban yi jan ido ba, ban yi kwantsa ba, ba ƙaiƙayi. Abin da na fara lura da shi, masu babur sun riƙa ɓullo mini ta hagu ban ga tahowarsu ba, sai dai in ga mutum a hancin mota. Madubin gefe na fasa shi a wurin fita tasha, aka sa sabo, na sake goge shi da wata motar. Rannan a Kwanar Ɗangora yaron motata ya daka tsawa, “Oga, birki!” Na taka, sai ga wata mata da tallan gyaɗa a kanta tana tsaye dab da ƙofata. Wallahi ban gan ta ba, kuma idona biyu, ba gyangyaɗi nake yi ba. Da muka wuce yaron ya yi shiru har Tashar Yari, sannan ya ce, “Oga, ko za ka je a duba maka ido?” Na ce masa ai lambar motar da ke gabanmu ma ina karantawa, na kuma karanta masa ita. Gaskiya na faɗa. Abin da ke gabana sosai ina ganinsa tar, gefe ne ya tsuke, kuma mutum ba ya ganin wani baƙi a wurin da ya rasa ɗin, shi ya sa ba ya sanin ya rasa.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, a makance ya rasu. Mu duka mun ce tsufa ne. Ba wanda ya taɓa kai shi a auna masa ido.

A asibitin ido aka ɗiga mini wani ruwa, aka sa haɓata a kan na'ura, wani shuɗin haske ya matso har ya taɓa ƙwayar idon. Sannan aka zaunar da ni gaban wani farin kwano, aka ba ni maɓalli, aka ce duk lokacin da na ga ɗigon haske in danna. Da ido na dama na yi ta dannawa. Da aka zo na hagu sai na zauna ina jira a kunna na'urar, ashe tuni tana aiki. Takardar da ta fito, da'irar hagu kusan duk baƙa ce, sai ɗan fari a tsakiya.

Likitar ta ce matsin cikin ido ga yawancin masu lafiya yana tsakanin 10 zuwa 21. Nawa na hagu ya haura 40, na dama ya haura 30. Ta ce gilakoma ce, hawan jinin ido. Ta ɗauki biro ta zana mini ido, ta ce, “Baba, cikin idon nan akwai wani ruwa garai-garai, ba hawaye ba ne, shi ke ciyar da gaban ido. Ka ɗauka famfo ne a buɗe dare da rana, da magudanar da ruwan ke fita. Taka magudanar ta toshe, famfon kuma bai daina zuba ba. Ruwan ya taru yana danne jijiyar gani a bayan ido, jijiyar kuma abin da ya mutu a cikinta ba ya dawowa. Aikinmu mu rage famfon, mu kuma buɗe wata hanya in ta kama.” Na ce, “Likita, to idon hagun fa?” Ta ce, “Na daman za mu yi yaƙi a kansa.”

Aka rubuta mini maganin ɗigawa mai suna timolol, da wata farar ƙwaya, Diamox, mai miligiram 250. Ranar mutane sun cika asibitin maƙil, wanda ya miƙo mini maganin ta taga ya zana layuka a jikin leda ya ce mai bi. Iyakar bayanin da na samu ke nan.

Washegari yatsun hannuna suka fara minjirya, sannan na ƙafa, sannan gefen bakina. Fitsari kuwa ba a magana, ina dawowa daga bayi ina neman komawa, alwala ta ƙi zama daga Azahar zuwa La'asar. Jikina ya mutu, tuwo ya fita daga kaina. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne lemon kwalba. Duk direba ya san daɗin lemo mai sanyi a tsakar rana. Na sa yaro ya sayo, na kurɓa, na ji wani lami mai ɗanɗanon ƙarfe, babu tsinin nan da yake yi a harshe. Na ce yaron an ba shi jabu, ya koma ya canzo. Na biyun ma haka, ga shi kuwa ina ganin kumfarsa tana tashi.

Uwargida ta tsorata. Ta ce, “Malam, anya ba shanyewar ɓarin jiki ce ke tahowa ba? Haka na Kawu ya fara.” Abokan tasha da suka zo dubiya kowa da tasa. Wani ya ce sammu ne, ai tun da na sayi motar kaina ake mini hassada. Wani ya ce maganin asibiti ya fi ƙarfin jinina. Wani har da kawo mini ruwan wani ganye a kwalbar turare, wai a ɗiga safe da yamma. Uwargida ta karɓa ta yi godiya, da ya fita ta tuttular a kwata, ta kira 'yar tamu a waya.

Ina fara lissafa mata abin da nake ji ta katse ni. “Baba, lemo ma ya daina daɗi, ko?” Na ce wa ya gaya miki? Ta ce, “Diamox ce. Kada ka daina sha. Wannan duk alamar tana aiki ce, sai dai ba ta san ido kaɗai aka aike ta ba.” Ta tambaye ni ko fatata ta yi ƙuraje, ko bakina ya yi gyambo, ko ina zazzaɓi, ko ina jin ciwo mai tsanani a kwiɓi. Na ce babu ko ɗaya. Ta ce in ɗayansu ya zo, wannan kam a tsaya a garzaya asibiti a ranar. Da ta zo gida ƙarshen mako ta zaunar da mu ta warware mana zancen, ni kuma tun daga ranar na riƙe shi, domin mutumin da ya yi shekaru yana kwance ƙarƙashin mota yana son ya san yadda abu ke aiki.

Ga yadda na fahimta. A jikin ɗan Adam akwai wani sinadari da ake kira kabonik anhaidires. Aikinsa ɗaya ne: ya haɗa iskar kabon, wadda muke fitarwa in mun numfasa, da ruwa, su zama baikabonet, dangin abin da ke cikin kanwa, ko kuma ya raba su su koma yadda suke. Ko babu shi haɗin zai faru, amma a hankali ƙwarai. Da shi kuwa, ƙwayar sinadarin guda ɗaya tak tana iya yin wannan juyin har kusan sau miliyan ɗaya a daƙiƙa. Wasu masana biyu, Meldrum da Roughton, su suka gano shi a jajayen ƙwayoyin jini a Kambirij ta Ingila, farkon shekarun 1930. A cikin ido, sashen da ke yin ruwan nan yana amfani da wannan sinadari ya samar da baikabonet, ya tura shi cikin ido, gishiri ya bi shi, ruwa ya bi gishirin. In aka ɗaure sinadarin, baikabonet ya ragu, ruwan da ke shiga ya ragu, matsi ya sauka. Aikin Diamox ke nan, wadda sunanta na asali asitazolamaid. Ba ta gyara jijiya, ba ta buɗe abin da ya toshe.

Matsalar ita ce sinadarin ba a ido kaɗai yake ba. Yana cikin ƙoda, inda yake taimakawa a mayar da baikabonet cikin jini kada ya zube. Da aka ɗaure shi sai baikabonet ya bi fitsari, ya ja gishiri da ruwa da fotasiyam suka tafi tare. Yawan fitsarina ke nan. Jini kuma da ya rasa baikabonet sai ya ɗan karkata zuwa tsami, ga kasala da rashin cin abinci. Yana kuma kan harshe, a wurin da ke jin tsami, shi ke juya iskar da ke cikin lemo ta zama abin da harshe zai ji. Da aka ɗaure shi, kumfa na tashi amma harshe bai san tana yi ba. Ni wannan na harshen shi ya fi gamsar da ni, domin shi ne wanda na gwada da bakina har kwalba biyu, na kuma zargi mai shago a banza.

'Yata ta ce asalin maganin ma ba don ido aka yi shi ba. A shekarun 1930 aka fara ba mutane wani maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna salfanilamaid, likitoci suka lura masu shansa fitsarinsu na canzawa, jininsu na ɗan tsami. A 1940 Mann da Keilin suka nuna cewa maganin yana ɗaure kabonik anhaidires ne. Daga nan wani kamfani a Amurka ya bi wannan sawun har ya ƙera wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, aka fito da shi kasuwa a 1953 a matsayin maganin sa fitsari ga masu kumburi saboda ciwon zuciya. A 1954 wani likitan ido, Bernard Becker, ya wallafa cewa yana sauke matsin ido. Har yau masu hawan manyan duwatsu irin Kilimanjaro suna shansa, domin ɗan tsamin da yake sa wa jini yana tilasta wa mutum numfashi mai zurfi a inda iska ta yi ƙaranci. Ana kuma ba masu tarin ruwa a cikin kai, da wasu masu farfaɗiya. Ni dai na yi mamakin ƙwaya ɗaya da ke haɗa direban Unguwa Uku da mai hawan dutse a Tanzaniya.

Na ci gaba da sha. Fitsarin ya lafa bayan ɗan lokaci, kamar yadda ta ce zai yi, minjiryar ce ba ta bar ni ba. Da na koma asibiti matsin ido biyun ya sauko sosai. Likitar ta ce ƙwayar ta yi aikin da aka ɗauke ta, na kashe wuta, amma ba za ta bar ni a kanta shekara da shekaru ba, saboda mai daɗewa a kanta yana iya samun tsakuwar ƙoda, fotasiyam ɗinsa kuma ya yi ƙasa. Ta mayar da ni kan maganin ɗigawa da ya haɗa timolol da dozolamaid a kwalba ɗaya, safe da dare, daga baya ta ƙara wani na kwanciya barci mai suna latanofuros, wanda shi nasa aikin ƙara wa ruwan hanyar fita ne.

Dozolamaid ɗin nan ɗan'uwan Diamox ne, sinadari ɗaya suke ɗaurewa. Da na ji haka na tambayi 'yata, to me ya hana tun farko a narka Diamox a ruwa a ɗiga a ido, a huta da wahalar ƙoda? Ta ce an gwada tun zamanin Becker, bai yi ba. Maganin ba ya ratsa fatar gaban ido da kyau, sinadarin kuma saboda tsananin saurinsa sai an ɗaure kusan dukkansa, sama da kashi 99 cikin 100, kafin ruwan ya ragu, ɗan abin da ya tsira ya isa ya ci gaba da aiki. Masana da yawa suka haƙura suka ce ba zai yiwu ba. Wani malami a Jami'ar Fulorida, Thomas Maren, ya ƙi haƙura, ya yi shekaru yana nuna cewa in aka gyara ƙirar maganin zai shiga. Sai a ƙarshen 1994 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da dozolamaid na kamfanin Merck, mai sunan kasuwa Trusopt. A 1998 wani ya biyo baya, birinzolamaid, wato Azopt. Shekara arba'in tsakanin ƙwaya da ɗigo. Mahaifinmu ko da an kai shi asibiti a lokacinsa, ƙwayar ce kaɗai zai samu daga wannan dangin.

Na ɗigawan ma yana da nasa hali. Yana da raɗaɗi in ya shiga, sannan bayan 'yan mintoci sai ka ji ɗaci a maƙogwaro, domin akwai wata ƙaramar hanya daga lungun ido zuwa hanci. Aka koya mini in na ɗiga in rufe ido, in danne lungun da ke kusa da karan hanci da yatsa na minti biyu. Ɗacin ya ragu, maganin kuma ya fi zama a inda ake so. Da azumi ya zo na kai tambayar gaban malaminmu, ya ba ni amsa, sannan muka daidaita da likita na riƙa ɗigawa lokacin sahur da bayan buɗa-baki, ban tsallake ko ɗaya ba. Na san masu ajiye maganin wata guda cur saboda azumi, alhali famfon ba ya azumi.

Akwai abin da ya faru a gidanmu da nake so kowa ya ji. Likita ta ce in turo 'yan'uwana a auna su, domin cutar tana bin jini. Ƙanena da ke bi mini ya yi ta jan ƙafa, rannan ya zo ya ce, “Yaya, tun da ciwon iri ɗaya ne, ba ni ragowar ƙwayar nan in fara sha kafin in samu zuwa.” Na ce sai na tambaya. Da na kira 'yata ta ɗaga murya, abin da ba ta taɓa yi mini ba. “Baba, kada ka ba Baffa! Ka manta yana da sikila?” Ƙanen nawa yana da nau'in sikilar da ba ta cika kwantar da mutum ba, har mun saba mantawa. Ta ce tsamin jini da ƙarancin ruwa a jiki su ne abin da ke lanƙwasa ƙwayoyin jinin mai sikila, Diamox kuma duka biyun take kawowa. Da ya je asibiti an samu nasa matsin ya hau, amma an kama shi da wuri, kuma tambayar farko da likita ta yi masa kafin ta rubuta komai ita ce ta sikila, da ciwon ƙoda, da ciwon hanta, da ko jikinsa ya taɓa ƙin Septrin ko Fansidar, domin su ma dangin salfa ne, kamar Diamox. Ta kuma tambaye shi asma saboda timolol. A ƙasar da sikila ta yi yawa kamar tamu, a ganina bai kamata kemis ya miƙa wa kowa wannan ƙwayar ba tare da takardar likita ba, amma ku je ku gwada ku gani.

Daga baya matsin idona na dama ya sake ɗagawa duk da ɗigon, aka ce sai an yi aiki a buɗe wa ruwan sabuwar hanya. Nan ma aka taso ni da surutu, wai wane an yi masa aiki ya makance. Na tambayi likita, ta ce yawancin waɗannan sun zo ne ido ya riga ya ƙare, kuma sun shiga da tsammanin gani zai dawo kamar aikin yanar ido, alhali aikin gilakoma tsare abin da ya rage yake yi. Kafin aikin aka sake mayar da ni kan Diamox na ɗan lokaci. Wannan karon da minjirya ta zo uwargida dariya ta yi, ta ce baƙonka ya dawo. An yi aiki, Alhamdu lillahi, matsin ya zauna ƙasa da 20 har yanzu, ina kuma ci gaba da ɗigo ɗaya.

Mota kam na sayar. Ba likita ce ta tilasta ni ba, ta dai nuna mini takardar nan mai baƙar da'ira ta ce in tuna rayuka nawa nake ɗauka a kowane lodi. Ranar da mai saye ya ja ta ban fita ba. Da kuɗin na kama ɗan shago kusa da tasha ina sayar da man juye da tace-mai da bel. Abin da ke cin ribar shagon shi ne maganin, wanda kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi tun faɗuwar naira a 2023, kuma ba magani ne da za ka ce bari wata mai zuwa ba. Kwalba in ta kusa ƙarewa ita ake fara saya kafin buhun masara.

'Yata ta nuna mini sakamakon babban binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007. A cikin waɗanda suka kai shekara 40 zuwa sama, kusan mutum 5 cikin 100 suna da gilakoma. Cikin masu ita, waɗanda suka san suna da ita ba su kai 6 cikin 100 ba, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Bayan yanar ido, ita ce ta biyu wajen makantar da mutane. Da na ji haka na kalli layin motoci a tasha, na ƙirga masu furfura a cikin direbobi, hankalina ya tashi.

Na samu shugabannin ƙungiyarmu na roƙi a kawo masu auna ido tasha, suka yarda, aka zo aka kafa rumfa. Masu shayi sun zo, 'yan kamasho sun zo, mata masu abinci sun zo. Direbobin da na yi abin dominsu, da yawa ranar suka tsiri lodin sassafe, wasu suka zauna cikin mota suka ɗaga gilashi, saboda tsoron kada a ce musu abin da aka ce mini. Ban ga laifinsu sosai ba, kowa da bakunan da ke jiransa a gida. Cikin waɗanda suka daure aka auna, an samu masu matsi, aka tura su asibiti. Ɗaya daga cikinsu ya zo shagona bayan kwana kaɗan yana yarfe hannu, ya ce, “Alhaji, yatsuna fa.” Na ce ya nuna mini ledar maganinsa, na tambaye shi sikila da ƙoda ko likita ya tambaya, ya ce ya tambaya. Na aika yaro ya sayo masa lemo mai sanyi, na ce ya kurɓa ya gaya mini abin da ya ji, sannan na fara masa bayani. Sauran da suka gudu, mun sa masu awon za su dawo bayan Sallah, kuma wannan karon shugaba ya ce ba wanda zai karɓi lambar lodi sai ya zauna an duba shi.